Keken da taubashi ya ɗauka

Shekarar da kuɗin mai suka haukata Kano, duk wanda ya yi tari a Fagge sai babur ya faɗo daga bakinsa. Mu biyu kaɗai muka rage a kan keke, ni da abokina na Sabon Gari, wanda babansa Inyamuri ne mai gyaran kekuna. Da aka yi hutun makaranta a bazara, na ce masa ya zo mu je lambun Kakana a duwatsun Kazaure ya ga inabi a jikin bishiyarsa, don shi a hoton gwangwani kawai ya san shi.

Muka fita bayan asuba ta Rijiyar Lemo, da famfo da kayan faci a kariyar keke. Manyan motocin siminti suna ta jefa mu cikin rami. Da muka fara hawan tuddai, harshena ya zazzago har yana shiga sarƙa. Amma gangarar! Iska a kunne, mangwaro da gwaiba dama da hagu, abokina yana ihu da yarensu yana kiran uwarsa.

Abin da ban so ba, ƙarƙashin bishiyoyin duk mangwaro ne ya ruɓe, ƙudaje na biki. Ba mai tsinka. Samarin ƙauyen kaf sun tafi birni leburancin gini.

Kaka na zaune ƙarƙashin rumfar inabinsa. Reshe ɗaya wani Balarabe da ya yi wa aikin lambu a Fagge ya ba shi tun yana saurayi, shi ya raina har ya rufe rumfa. Yanzu gwiwoyinsa sun ƙi, ko guga ba ya iya ja.

"Wa nake gani kamar ɓeran birni?" in ji shi. "Ka zo ƙwace min mata ne?"

"Tsohuwar nan? Ko da kyautar babur ba na so."

Ya yi dariya, ya tsinko wa abokina nono guda na inabi. Abokina ya durƙusa ya karɓa, ya ce, "Baba, na gode," ya cinye har ƙwallayen.

Mutum ɗaya ya rage wa Kaka, ɗan gwaggona, taubashina, wanda ya girme ni kaɗan. Shi ke jan ruwa safe da yamma, don inabi a bazara in ya ji ƙishi sai ya zubar da 'ya'yansa. In ba shi, ba rumfa. Kowa a dangi ya san haka.

Da yamma taubashina ya zauna yana shafa ƙararrawar kekena.

"Kai bawana, wai da gaske a kasuwar Kwari ana samu?"

"Samu? A titin Bata ma in ka sunkuya ɗaure takalmi, kafin ka ɗago wani Alhaji ya ba ka kwangila."

Abokina ya ƙara gishiri, ya ce a Sabon Gari awaki ma lemon kwalba suke sha. Muka yi ta dariya. Kowa ya san bakina, ba wanda ke saye. Taubashina ya ce in koya masa hawan keke, na koya masa a gangaren bayan lambu, ya faɗa cikin ƙaya ya tashi yana murna.

Da gari ya waye ba keke, ba taubashi. Guga na rataye a bakin rijiya a bushe.

Na yi tsalle na dire, na ce sata ce, sai na kai ƙara wurin dagaci. Kaka ya ce, "Ƙarar wa? Taubashinka ne. Ko rigar jikinka ya tuɓe, dariya za ka yi." Shi kansa bai yi dariyar ba. Rumfar yake kallo.

Abokina ya koma Kano shi kaɗai don ya gaya wa Babana, ni kuma na gaji guga. Rijiyar nan, na rantse ƙasanta a Legas yake. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, Kaka na daga zaune yana nuni da sanda: "Gindin can bai sha ba, ɓeran birni." Ina zuba ruwa ina tsine wa keke da wanda ya ƙera shi. Duk da haka, ganye ko ɗaya bai yi yaushi a hannuna ba, kuma na fara jin haushin tsuntsayen da ke saukar mana.

Ranar Juma'a Baba ya iso a sabuwar motarsa, ledar kujeru ma ba a cire ba. Na leƙa ciki ina neman ɓarawona. Babu.

"Ina yaron?" Kaka ya tambaya.

"Yana kantina. Allah ne ya kawo shi, Baba, da ma ina neman mai ɗaga min diloli. Keken ma ya yi amfani, da shi yake kai kaya."

"Ruwan fa?"

"Haba Baba, wahalar me? Yanzu 'ya'yan itace a jirgin sama ake kawo su." Ya buɗe but ɗin motar ya sauke katan na tuffa, kowace a naɗe cikin takarda kamar jaririya.

Na ce a bar ni har inabin ya gama nuna. Baba ya ce makaranta fa, kuma ni na ja da surutuna, in shiga mota. Wanda ya ɗauke wa tsoho mai ban ruwansa ya ba shi aikin dako, shi ba ya da laifi. Ni mai bakin ne.

Kaka bai taɓa tuffar ba. Ya dafa sanda ya miƙe, ya ja ƙafa zuwa rijiya, ya zura guga. Muna juya mota ina kallonsa ta gilashin baya, yana ja, igiyar na zame masa.

Kafin damina ta sauka rumfar ta bushe. Gwaggo ta aiko mana da itacen a ɗaure, wai yana kama wuta da kyau.