Saƙon Yaya Sule da ya toshe akwatin unguwa

Kwamfutar Baba Issaka ta sake tsayawa, mutane sai tsaki suke yi. A Nima, ƙarshen shekarun casa'in, duk unguwarmu adireshin imel ɗin shagonsa muke bayarwa. Wani ƙaton saƙo ya toshe akwatin imel ɗin, da ya kai rabin saukowa sai layin waya ya yanke.

Baba ya ce, "'Yata, sunan yayanki Sule ne a kai. In goge?"

"Baba, Sulen da ya rasu a Libiya? Jiya fa muka yi sadakar arba'in!"

Na roƙe shi ya sake gwadawa. Da ƙyar rabin saƙon ya sauko. Hoton Sule ne: hularsa, idanunsa suna kallona, daga hanci zuwa ƙasa fari fat kamar likkafani.

Har yau ban sani ba ko murmushi yake yi. Ku da kun bari an goge?