Askin da Yaya Ya Yi wa Huren Sista

Ni manomin albasa ne a Wurno, cikin fadama na girma. Ko firamare ban ƙare ba anka miƙa min hauya. Abin da na sani shi ne, shukar da ba a ci, ba a kai ta kasuwa, ciyawa ce, akuya ta fi ni buƙatarta. Da wanga ilimi nike zaune har wata ma'aikaciyar jinya 'yar Zuru ta kama haya a gidan da ke jikin namu. Kowa Sista yake ce mata.

Da bazara ta kama, anka tura ta kwas Sakkwato. Sai ga ta rungume da tukunyar roba, ciki wata shuka mai ganye kamar kunnen jaki, sama kore da fararen ɗigo irin na jikin zabo, ƙasa ja.

"Baba, amana na kawo maka. Begoniya sunanta. Jikin ta mamata na yanko kafin ta rasu, ba ni da wata."

"Mi take haihwa?"

"Ba ta haihuwar komi."

"Ana miya da ita?"

"Haba Baba!"

Ta shiga jero min dokoki. A ɗaki take zama. Tana son haske amma kada rana ta taɓa ta. Kada a jiƙa ganyen. Kada a ba ta ruwa sai an tura yatsa cikin ƙasar an ji ta bushe. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina jan ruwa daga gulbi, ni ake koya wa ban ruwa. Na so in ƙi. Amma ta ambaci amana, ta ambaci mamaciya, sai na karɓa.

Na aje ta kusa da randa, inda ƙasa ke da sanyi kuma haske ke shigowa ta taga. Da zahi ya tsananta, bakin ganyen ya fara ƙonewa, sai na riƙa jiƙa tsohon buhu ina shimhiɗawa gefenta. Kowace sahiya in tsugunna in tura yatsa. Uwargida ta tsaya kaina tana kallo.

"Malam, ɗiyanka da na haifa, wane ne ka taɓa dubawa haka?"

Na ce su ai suna da baki.

Magana ta hita, don gidana ba ya riƙe magana. In na zo majalisa sai a ce, "Mai jego, ya ɗiyar?" Mutanen da albasarsu ke ruɓewa kowace shekara, su ne da bakin dariya.

Sai Yaya ya zo daga Gandi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaihinmu, shi ya yi min aure, kuma har na yi hurhura ban taɓa ce mishi a'a ba. Ya shiga ɗaki shan ruwa, ya tsaya cak da moɗa a hannu.

"Mi ne ne wanga?"

"Ajiya ce, Yaya."

Ya juya ganye ɗaya, ya shinshina. "Ciwo ne. Harin tabo. Ga albasarka jibge a gida, kana kiwon cuta kusa da ita."

"Yaya, haka Allah Ya halicce ta."

"Kai za ka koya min ganye?"

Ya zaro wuƙa. Ya ce duk mai tabo sai ya tahi, a bar masu lahiya. Ya yanke ɗaya, ya yanke na biye, yana neman mai lahiya bai samu ba. Da ganye ya ƙare ya sare kan, ya ce daga nan ciwon ke saukowa. Ina tsaye ina kallo. Abin da ya rage kara ne tsirara cikin tukunya.

"Da ban zo ba fa?"

Na ce, "Na gode, Yaya." Wallahi haka na ce.

Na kasa kiran Sista. Mi zan ce? Na ci gaba da tura yatsa, ina shayar da sanda. Uwargida ta daina tsokana ta, wanda ya fi tsokanar ciwo. Can sai na ga wasu jajayen ƙuraje a gaɓoɓin karan. Sunka buɗe, sunka zama reshe. Inda da kara guda ne dogo kamar ɗan maraya, sai ga ta ta cika ta yi gehe-gehe.

Ranar da Sista ta dawo, ta durƙusa gaban tukunyar ta riƙe baki.

"Baba! Ka yi mata aski! Na daɗe ina so, tsoro nike ji kada ta mutu. Ina ka koya?"

Na gyara murya zan amsa, sai uwargida daga madahi ta ce, "Yaya ne."

Turare da sabulu Sista ta aika mishi har Gandi, da gaisuwa mai yawa. Yanzu a kasuwa yana ba da labarin yadda ya warkar da shukar asibiti da likita ta kasa. Da ya ji sababbin ganyen ma da ɗigo sunka hito, ya aiko ɗan acaba ya ce min ciwon ya yi saiwa, zai zo bayan sallah ya ƙarasa aikin.

Ba zan iya hana shi ba. Na dai je na gaya wa Sista ta sayi kwaɗo mai ƙarhi ta kulle ɗakinta, kuma ranar da ya zo ta kasance tana bakin aiki.