Kawu da Famfo Biyu

Kawuna mai gyaran famfo ne, shekara ashirin da shida yana wannan sana'a. Ba ya yarda da abu a ji ɗaya. Ko sabon bututu ya saya, sai ya ɗaga shi ya leƙa cikinsa, ya busa, kafin ya yarda babu tsaga. In ka gaishe shi da fara'a da yawa, sai ya tambaye ka me ya lalace a gidanku.

Bara gwiwarsa ta fara damunsa. Likita ya hana shi hawa tsani, alhali rabin aikinsa a saman rufi yake, wurin tankuna. Ana cikin haka wani kamfanin ruwan sha ya liƙa sanarwa a ƙofar ofishinsu: ana neman mai kula da ɗakin injin, aikin ƙasa, har da kujera. Ba su nemi takardar makaranta ba. Tambayar lissafi guda suka rubuta, wanda ya amsa daidai za a kira shi.

Ni na kwafo masa ita. Famfo ɗaya yana cika tanki cikin awa uku, ɗayan cikin awa shida. In an buɗe su tare, awa nawa?

"Biyu ne, Kawu," na ce. "Mun yi irinsa a makaranta."

"Ban da kai, mutum nawa suka sani?"

"Da yawa."

"To ka gani. Wa zai ba da kujera a kan abin da kowa ya sani? Ko dai sun riga sun ɗauki ɗan wani, ko tankinsu ne ya gagare su suna neman gyara kyauta."

Matarsa tana ninke wanki a gefe, ta ce, "Malam, rubuta biyu ka huta. Gwiwar nan ba za ta jira bincikenka ba."

Bai rubuta ba. Kwana biyu takardar tana aljihunsa. A na uku ya tambaye ni, famfunan nan daga bututu ɗaya suke sha ko kowanne da nasa? Na ce ba su faɗa ba.

"Me ya hana su faɗa?"

Ya ja ni bayan shagonsa, ya buɗe famfo, ruwa ya zubo da ƙarfi. Ya buɗe na kusa da shi, nan take na farkon ya sirance kamar zare.

"Ga biyunka nan," ya ce.

Sai ya sa na rubuta masa: "Awa biyu ne a takarda. In bututu ɗaya ne, ba zai cika a awa biyu ba. Akwai yadda ake gyarawa, amma ba zan rubuta shi nan ba." Na roƙe shi mu cire layin ƙarshe, ya ƙi.

Sunaye suka fito, arba'in, babu nasa. Ya ce dama ya sani. Amma ranar na ga yadda ya daɗe riƙe da tsani kafin ya ɗora ƙafa.

Bayan sati guda wayarsa ta yi ƙara muna tare. Injiniyar kamfanin ce. Ta ce akawu ya ga amsar ta yi tsawo ya jefa ta cikin waɗanda suka faɗi, sai yau ta karanta.

"Yaya ake gyarawar?" ta tambaya.

"Ranki ya daɗe, in na faɗa a waya, me ya rage ki ɗauke ni?"

Matarsa ta dafe kai. Can sai muka ji dariyar injiniyar ta wayar.

"Zo ranar Litinin, da sifanarka ta kwance noti."

Da yammacin Litinin na tare shi a ƙofar gida na tambaye shi yadda aka yi.

"Bututu ɗaya ne," ya ce. "Ban ce maka gyara suke nema ba?"

"Amma sun ɗauke ka, Kawu."

"Gwajin wata uku suka ce. Shi ya sa famfo ɗaya na gyara musu tukuna."