Malam Dawuda, ba shamuwa ba ce

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata sha huɗu ga Rajab 1446, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Dawuda Maiturare na unguwar Hindawiyya a nan Makka. An sallace shi a Harami bayan la'asar, muka raka shi makwancinsa. Ni Munzali mai tasi nake wannan rubutu. Kuyi haƙuri da yadda ya fito, ni sitiyari na iya ba alƙalami ba, kodayake a sitiyarin dai daga Makka har Jidda ba'a haifi na biyuna ba.

Malam, shekara goma sha ɗaya ina kai ka bakin teku. Ranar farko da ka tare ni kace muje Shu'aiba wajen tsuntsaye, na ɗauka kamawa zamu yi. Nace maka ni da danƙo ɗaya sai in kaɗo goma kafin ka ɗaura alwala. Ka dube ni kace, "Munzali, kai da kake wucewa ta cikin tattabarun Harami kullum, baka ji kunyar wannan maganar ba?" Daga ranar na zama ɗan kallo.

Duk Asabar in sanyi ya shigo, ana sallame asuba mun ɗau hanya, da shayi da gurasa da madubin hangen nesanka da 'yan nan suke cewa darbil. Kai ka koya min zalɓe, ka koya min kwasakwasa, ka nuna min belbela ba duka ɗaya bace. Waɗannan masu ruwan hoda da dogon wuya da Larabawa ke cewa nuham, kace baka san musu sunan Hausa ba, sai ka sa musu 'yan biki. Na ganka ka shiga laka har gwiwa da farar riga don ka kwance wani ɗan tsuntsu da zaren masunta ya naɗe, ya sare ka a yatsa, kana ta bashi haƙuri. Da mahaifiyata ta rasu kwana uku kana zaune gefena, shagonka a rufe. Surutuna kuwa duk garin nan kai kaɗai baka taɓa cewa in yi shiru ba.

Tsuntsu ɗaya ne kake nema bamu gani ba, shamuwa. Kana ɗan shekara tara ka baro Nguru ka biyo ta Sudan, baka sake komawa ba. Kace akwai tsamiya a ƙofar gidan kakanka, in shamuwa ta sauka a kanta kowa ya san damina ta zo. Ni kuwa a Bur Sudan aka haife ni, ban taɓa ganinta ba ko a hoto.

To ga abin da ya sa na ɗau alƙalami. Da ciwon suga ya ci idonka, ni na koma riƙe darbil, in faɗa maka abin da na gani kai kuma ka faɗi sunansa. Wata Asabar shekara biyu da suka wuce mun zauna har rana ta ɗaga ba komai. Na ga jikinka yayi sanyi. Can na hango wani abu baƙi a tsaye cikin ruwa, bakina ya riga ni nace, "Malam, ga shamuwarka." Na sake dubawa da kyau, ashe baƙar leda ce ta maƙale a kututture. Amma ka riga ka miƙe tsaye.

Kace, "Cikinta wane iri ne?"

Nace, "Baƙi wuluk, har ƙasa."

Sai kace alhamdu lillahi, ka kama hannuna ka riƙe. Na kasa gyarawa. Da muka dawo kuma maimakon in kama bakina, sai na cika majalisar Hindawiyya da labari, nace idona ne ya samo wa Malam abin da ya nema shekara sittin.

Shekara biyu abin yana cina. Da aka kwantar da kai a asibiti naje sau huɗu da niyyar neman yafiya, duk zuwa sai in ɓuge da barkwanci, kayi dariya har tari ya kama ka, in taso. Na biyar ɗin ban same ka ba.

A wajen zaman makoki na ja 'yarka Rumasa'u gefe na faɗa mata komai, nace ko ita ta yafe min a madadinka. Ta share hawaye, ta kira ni baffa da Larabcin nan tace, "Ammi Munzali, ai ya sani. Ranar da kuka dawo ya gaya mana. Yace shamuwa cikinta fari ne, kuma me zai kawo ta ruwan gishiri da sanyi."

Nace to me yasa bai kunyata ni ba?

Tace, "Cewa yayi kar wanda ya faɗa maka. Yace ka ga yana so ne, ka rasa inda zaka samo masa."

Ni da ba'a taɓa rufe min baki ba, ranar na zauna a bakin titi na kasa ko tada mota.

Jama'ar majalisa, Ja'afaru da Uzair da sauranku da na cika wa kunne, ku shaida. Ban taɓa ganin shamuwa ba, leda ce. Malam ya rufa min asiri har ya koma ga Allah, yau na tona da hannuna don kada a ci gaba da jingina masa ƙaryata.

Allah ya jiƙanka Malam Dawuda, ya rufa maka asiri fiye da yadda ka rufa min, ya haskaka kabarinka, ya mayar maka da ganinka a Aljanna Firdausi. Hajiya Zubaidatu matar Malam, Rumasa'u da ƙannenki, Allah ya baku haƙurin rashi, ya tsaya muku. Wanda ya karanta wannan yayi masa addu'a, ni kuma ya roƙa min gafara.