Kaskon Tsohon Karenmu

Karenmu ya tsufa a bayan gidanmu a Illela, inda Baba ke jibge buhunan albasa. Ban taɓa ganin ya kama ɓarawo ba, amma ya taɓa bin wani ɗan kabu-kabu har bakin iyaka, kuma na rantse ba don ba shi da takarda ba da sai ya shiga Konni.

Ni ke ba shi abinci tun ina firamare. Kullum da safe in kankare ƙanzon tuwo in zuba masa a wani fasasshen kasko, ya cinye, ya je gindin randa inda ƙasa ke da sanyi ya miƙe. Ba ya shiga ɗaki, ba ya sunsunar buta, ya san iyakarsa fiye da wasu 'yan ajinmu. In na dawo makaranta kuwa, tun daga kan kwana yake tarbo ni.

Sai wata Laraba yayana ya dawo daga Konni da kwali ɗaure a bayan babur. Na zaci dabino ne, har na fara haɗiyar yawu. Da ya buɗe sai ga kwikwiyo, ƙafafu zalau-zalau kamar karan dawa.

"Irin karnukan Buzaye ne," in ji Yaya. "In ya girma barewa zai riƙa kamowa."

"Barewa?" na ce. "Wanga ko ƙadangare ya gani sai ya ba shi hanya."

Ba wanda ya yi dariya, kowa ya rufu a kan kwali. Baba, wanda bai taɓa tambayar ko tsohon karenmu ya kwana lafiya ba, ya tsuguna yana kallon abin nan kamar an kawo masa sabuwar mota. Inna ta ɗebo nono. Nono fa! Tsohon nan ya ƙare ƙuruciyarsa a kan ƙanzo, ko warin nono bai sani ba. Yaya ya ɗauki hoton kwikwiyon har wayarsa ta yi zafi. Ni da tsoho muna gefe, na dube shi, ya dube ni, muka fahimci juna.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kasko. Yaya ya ga kasko a ajiye, sai kawai ya riƙa zuba wa kwikwiyonsa abinci a ciki, tun kafin in gama kankare tukunya. In ya ƙoshi kuma ya je gindin randa ya baje. Rana ta uku tsoho ya gaji. Ya cafki wuyansa ya girgiza shi sau ɗaya, ihun da ya yi kuwa ina jin har 'yan canji na bakin tasha sun ji.

Baba ya fito da sanda. "In ya ƙara," ya ce, "motar albasa za ta kai shi gona Gidan Katta, ya ƙarasa tsufansa can."

Gidan Katta ba Makka ba ce, amma ni da ke zuwa gona sau biyu a shekara, daidai yake da an ce ba zan ƙara ganinsa ba.

Na zauna na yi tunani irin na masu hankali, na yanke cewa kwikwiyon ne ya kamata a kora. Na ɗauko takalmin Baba na zuwa masallacin Juma'a na ajiye masa a gabansa. Bai ba ni kunya ba, ya tauna shi har ya zama kilishi. Baba ya ɗaga takalmin ya yi dariya ya ce haƙora ke wa yaro ƙaiƙayi, sannan ya tambayi wanda ya fito da shi daga ɗaki. Kunnena na hagu ya fi na dama tsawo har yau.

Dabara ta biyu ita ta kusa kashe ni. Na saci ƙashi daga miyar Inna na ba tsoho a gaban kwikwiyon, don shi ma ya ji yadda ake ji. Ashe shi bai san wannan ciwon ba. Ya taho yana kaɗa bindi, ya sa baki a ƙashin kamar an gayyace shi walima. Kafin in ce kai, kunnensa ya tsage, jini na ɗiga, Yaya na ihu. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ranar kasuwa." Ya juya.

Kakata ta wajen uba tana zaune a kan tabarma da carbinta, duk a idonta aka yi.

"Angona, taho nan," ta ce. "Mi ka ɗauko cikin tukunya?"

"Ni? Iska na sha a madafa."

"Iska mai ɓargo. Je ka kira mini ubanka."

Baba ya zo ya durƙusa. Ta ce, "Kai, a gidanmu wa ka fara sa hannu a akushi?"

"Babba, Inna."

"To kun kawo yaro jiya-jiyan nan, kun ba shi kwanon babba, kun ba shi makwancin babba, sannan kuna mamaki babba ya yi fushi. Ko kai aka yi wa haka cizo za ka yi. Bar mini su zuwa kasuwa ta sama."

Baba bai iya musu da ita. Ya ba mu kwana goma sha ɗaya, har da na wannan makon.

Kaka ba ta tashi daga tabarma ba, da baki ta yi mulkinta. Aka samo wa kwikwiyo gwangwaninsa, aka kai shi can gindin darbejiya. Da safe Yaya ya riƙe shi da igiya har tsoho ya gama cin nasa ya lashe kasko. Duk wanda ya shigo bayan gida, tsoho zai fara yi wa magana. Ƙashi kuwa an hana, ta faɗa tana kallona. Da la'asar mu fita da su bayan gari, ni da tsoho a gaba, Yaya da nasa a baya, kuma wannan tafiya ta yi mini daɗi ƙwarai, don ban taɓa shiga gaban Yaya ba sai a dalilin kare.

Ran nan tsoho ya yi gurnani, Yaya ya ɗaga takalmi. Kaka ta daka masa tsawa. "Aje shi! Faɗan babba ne. In ka hana shi yi da murya, da haƙori zai yi." Kwikwiyon ya kwanta ya nuna ciki, tsoho ya sunsune shi ya wuce. Bayan kwana huɗu aka daina ɗaure igiya.

Ranar kasuwa motar albasa ta tsaya a ƙofar gida. Baba ya zagayo baya ya harɗe hannu. Na zuba ƙanzo a kasko. Kwikwiyon ya sheƙo a guje, na rufe ido ina karanto duk addu'ar da na iya, har da ta shiga bayi. Da na buɗe sai na gan shi ya ja birki nesa kaɗan da kasko, ya zauna yana lasar baki. Tsoho ya ci a tsanake kamar mai unguwa, ya rage ɗan kaɗan a gefe, ya tashi. Sannan yaro ya matso.

Baba ya leƙa waje ya ce wa direba, "Ku tafi."

Na yi tsalle har na kusa taɓa wayar lantarki. Murnar ba ta kai azahar ba, don da aka kawo mana abinci na kai hannu kan tsoka kamar yadda na saba, sai Yaya ya riƙe mini wuyan hannu. "Kare ma ya koya," ya ce.

Wannan na haƙura da shi. Abin da ban haƙura ba shi ne na makon da ya biyo. Na dawo makaranta, na sha kwana, ba wanda ya tarbe ni. Na zagaya baya na same su gindin randa, kwikwiyon ya ɗora kai a kan bayan tsoho, su biyu suna barci. Na yi fito. Tsoho ya buɗe ido ɗaya, ya buga bindi a ƙasa sau ɗaya, ya koma barcinsa. Ni da aka ja wa kunne saboda shi!

Na tsaya da jaka a kafaɗa, ban san na kumbura baki ba sai da na ji Kaka daga tabarma.

"Angona, mi ya faru? Kai ma a samo maka kasko?"