Takun Auta

Tun da maigidana ya rasu na koma gidan ƙanena, Auta. Masinja ne a wani ofishi mai hawa uku, shekara ashirin da biyu yana kai fayil sama da ƙasa. Ɗakina ne na bakin ƙofa, don haka na san takunsa fiye da yadda na san fuskarsa.

Bara takun ya sauya. Yakan fito da safe tsaf, amma kafin ya kai kwanar layi sai ya ranƙwafa, ya dafa gwiwa kamar mai gyara takalmi. A sallah kuma ya koma daɗewa a ruku'u. Matarsa tana tsokanarsa wai ya zama waliyyi. Ni na gane a sunkuyen ne kawai bayansa ke sakinsa.

Da ofis suka ce ya kawo takardar lafiya, na raka shi asibiti. Likitar ta manna masa wasu 'yan maɓallai masu ƙyalli a ƙugu da gwiwa da diddige, ta nuna masa doguwar shimfiɗa da kyamarori a gefe. Ta yi bayani cewa ciwon ƙugu iri-iri ne, kowanne da tafiyarsa. Wanda faifan ƙashin bayansa ya goce yakan karkace gefe. Wanda hanyar jijiyarsa ta tsuke yakan sunkuya gaba, takunsa ya gajarce. Ta ce ya yi tafiyarsa ta kullum.

Auta ya miƙe kamar soja. Taku goma sha biyu ya je, goma sha biyu ya dawo, gumi na bin wuyansa. Wannan ai kullum yana iyawa. Nasa ciwon sai ya yi nisa yake kama shi. Ta tambaye shi ko sunkuyawa na rage masa zafi, ya ce shi ba ya ma sunkuyawa. Na buɗe baki, ya dube ni.

A hanya ya ce, "Yaya, in na'urar nan ta ga tafiyata, wa zai bar ni da fayil?"

Na yi shiru. Shirun nan har yau ina neman gafarar Allah a kansa.

Takarda ta ce ciwon kaɗan ne, a sha magani. Ya kai ta ofis da murna, suka mayar da shi kan matakala. Wata huɗu ya yi. Ranar wata Laraba ƙafafunsa suka mutu a hawa na biyu, fayil suka watse. Aka sallame shi da godiya.

Mun koma asibiti. Wannan karon ba a sa shi tafiya ba, don babu tafiyar. Sun ce jijiyar ta daɗe a matse, ko an yi aiki ba su da tabbas.

Yanzu a zaune yake sallah. Da safe nakan kasa kunne bisa sabo, sai in ji matarsa tana jan kujerarsa zuwa bakin ƙofa.