Sanduna Biyu a Kabarin Yaya Sale

Damina goma sha bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale mai goro. Na ce damina ban ce shekara ba, domin inda ya zauna kuma ya rasu, da ruwa ake lissafin komai. Ga shi ina rubuta wannan a Riyad, garin da in an yi yayyafi mutane ke tsayar da motoci su fito ɗaukar hoto. Da Yaya zai ga haka, na san sai ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce a tara su a kai su Bayan Ruwa su yi mako guda, ya ga wanda zai sake ɗaga waya.

Bayan Ruwa sunan da Hausawa 'yan goro suka sa wa wani ƙauye ne can cikin kurmi, dab da iyakar Kamaru, don sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshenmu. Mota tana ajiye ka a bakin kogi, kwalekwale ya tsallakar da kai, saura kuma ƙafarka. Can Yaya ya kafa gida, yana sayen goro a hannun manoma, ya naɗe a ganye ya ɗaura huhu. Ni kuwa ina saurayi mahaifinmu ya turo ni daga Daura in taya shi. Na zo ina taƙama da na san wahala, ashe ban san komai ba.

Rana ba ta sauka ƙasa sai ta take tsaka. Gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa, rigar da ka shanya jiya yau tana warin ruma. Ba asibiti, ba makaranta sai wata rumfa, ba tuwon dawa sai rogo da ayaba da manja. Watan azumi ma ba mu taɓa ganinsa da idonmu ba, sai dai rediyo ta gaya mana in batir ya yarda. Na yi ta ƙorafi, shi kuwa sai ya ce mini, “Habu, a gida muna roƙon ruwa, a nan muna roƙon rana. Ko'ina dai bawa roƙo yake yi.” Ya auri 'yar garin, ta musulunta ya sa mata Maryam, suka haifi Bilkisu. Ya iya yarensu har yana yi musu ba'a da shi, su kuma suna kiransa ya raba gardama in an yi rikicin iyakar gona, don ba shi da dangi a kowane ɓangare.

Zazzaɓi ne ya kama shi a tsakiyar damina. Muka ɗora shi a kan ƙyauren ƙofa, matasan garin suka taya mu ɗauka har bakin kogi, muka tarar ruwa ya cika ya batse, mai kwalekwale ya ce ko ubansa ne ba zai tsallaka ba. A nan bakin ruwa Yaya ya cika, yana kallon ƙetaren da magani yake. Har yau in na ɗauki fasinja zuwa ɗaya daga cikin manyan asibitocin nan masu ƙyalli, sai in tuna tsakaninsa da allura faɗin kogi ɗaya ne.

Mutanen garin a tsakar gida suke binne nasu. Mu muka nemi wuri a bayan gari, wani dattijo abokin Yaya, Baba Ojong, ya ba mu gefen tsohuwar gonarsa a kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya. Mu biyar muka yi masa salla. Da muka rufe, na saro sanduna biyu daga shingen gidan Yaya, na kafa ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, kamar yadda ake yi a gida don kada a taka. A wajenmu sanda sanda ce: ta bushe, gara ta cinye ta, shi ke nan. Ban sa rai za su wuce shekara ba.

Bayan takaba Maryam ta koma wurin 'yan'uwanta a birni da yarinyar, sana'ar goron ta watse, ni kuma neman abinci ya kawo ni nan ina tuƙi. Sauran huɗun da muka yi jana'iza tare, uku sun bi shi, ɗaya ban san duniyar da yake ba.

Bara Bilkisu ta kira ni. Ta girma, tana aikin jinya, abin da zai sa ubanta ya yi kuka don murna. Ta ce an sa ranar aurenta, kuma ta ji masu katako sun sayi wannan tudun, za su share a dasa koko. “Baffa, ina so in tsaya a kan kabarin Baba in yi masa addu'a kafin a bi ta kansa da injin. Mama ba ta je binnewa ba. Kai kaɗai ka rage.” Zumunci a ƙafa yake, na sani, amma ƙafata a hannun kafil take, uban gidan da ya kawo ni aiki ƙasar nan. Na nemi ijazar zuwa gida, ya ce, “Ba'den, ya Abubakar, ba'den,” kuma wanda ya zauna a ƙasar nan ya san ba'den, wato sai an jima, ba ta da rana.

Ta tafi ita da ƙanin mahaifiyarta. Yanzu babur yana shiga, har akwai fitilun sola, kuma a kan tudu waya tana kamawa. Ina cikin mota a unguwar Al-Naseem bayan azahar ta kira ni ta bidiyo. Na ga kore ta ko'ina, ban gane komai ba. Gonar da na sani ta zama duhuwa, hanyar da muka bi da makara babu ko alamarta, daga nesa kuma ina jin kukan injin sare itace. Na ce ta yi dama, na ce ta yi hagu, ƙarya kawai nake yi wa kaina. Daga ƙarshe na ce, “'Yata, sanduna biyu na kafa, kuma tuni ƙasa ta cinye su.” Na ji tana jan hanci.

Da ɗan gari akan ci gari. Baba Ojong yana nan da ransa, ya tsufa tukuf, a kan babur aka hawo da shi. Shi ma wurin ya ɓace masa. Sai ya karɓi wayar, ya tambaye ni da Hausarsa wadda Yaya ya koya masa, “Habu, sanda ɗin, ina ka sare?” Na ce a shingen gida. Sai tsohon nan ya fashe da dariya. “Ku mutanen Arewa! Nan ba a kafa ɗanyen itace ya mutu.” Shingen Yaya na aduruku ne, kuma aduruku ba ya fitowa a tsakiyar duhuwa sai inda hannun mutum ya sa shi. Suka daina duban ƙasa, suka koma duban sama. Ba a daɗe ba na ji Bilkisu ta yi salati. Ta juyo da wayar: itatuwa biyu miƙaƙƙu, sun fi soro tsawo, tsakaninsu tsawon mutum a kwance.

Na kife kaina a kan sitiyari na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza. Ta durƙusa tana karanta Ƙulhuwallahu, ina amsawa daga nan. Baba Ojong ya sa aka kira shugaban masu katako, ya nuna masa wurin, ya ce nan baƙonsu yake kwance, kuma har yau ba a taɓa itatuwan ba.

A maƙabartun Riyad ba a rubuta sunan kowa, talaka da mai mulki dutse ne kawai a kai, kuma na yarda hakan daidai ne. Yaya ma da zai ce mini ba itace ke amfanar mamaci ba, addu'a ce. Gaskiyarsa. Amma bai bar gida ba, bai bar gona ba, ko hotonsa guda ruma ta cinye. Abin da ya rage shi ne 'yar da ke yi wa marasa lafiya allura, da mutanen da ba addininsu ɗaya ba amma suna tsaron makwancinsa, da sanduna biyu da na kafa don su mutu suka ƙi. Ina kewar kurmin da na sha zagi, ina kewar yayana. Allah Ya jiƙan Malam Sale, Ya sanyaya makwancinsa, Ya kuma ara mini kwana in je in zauna a wannan inuwa.